Gaisuwa Ga Gwanayen da Suka Fi Ƙarfin Rana

Yabon gwani ya zama dole, kuma ni na daɗe ina yawo da bashin yabo a wuya. Masu bina bashin nan su ne manyanmu da ke zana taswirar makarantu, da masu ba da kwangilar gina su, da masu duba aiki su ce ya yi, da masu sa hannu a biya, tun daga Tsafe har Gusau, daga Gusau har Bunguɗu. Allah ya ja zamaninku, giwayen ofis, masu alƙalamin da ba ya bushewa, iyayen bulo, kakannin kwano, dodannin inuwa. Kun yi abin da ya gagari mutanen farko. Allah ya ajiye ku a ƙasar da rana ke fitowa aiki kullum ba fashi, ba ta yaji, ba ta zuwa hutun Sallah, ba ta taɓa aiko wa kowa da takardar biyan kuɗi ba, amma duk da wannan naci nata kuka gina ajin da sai an kunna ƙwan lantarki da azahar kafin ɗalibi ya ga abin da malam ya rubuta. Ƙaramin mutum ba ya iya wannan.

Sai an san girman abokin gaba ake sanin girman mayaƙi. Gusau na zaune kusan a digiri 12 arewa da layin ikwaita, kuma kowane murabba'in mita na ƙasarmu rana na zuba masa ƙarfin da ya kai kimanin yunit 6 a wuni, irin yunit ɗin nan da muke saya mu loda a mita muna ƙirga shi kamar ƙwayar magani. Farantin sola na kasuwa yana kama kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan. Lita ɗaya ta man gas a cikin janareta kuwa abin da take bayarwa bai wuce yunit 3 da 'yan kai ba. Ashe ke nan faranti mai faɗin tabarmar zaman mutum huɗu yana iya biyan litar mai kowace rana ta Allah, shekara ashirin ko fiye. To, ku ɗaga kai ku dubi rufin babban ɗakin lacca guda, ku ƙirga tabarmi nawa za a shimfiɗa a kai. Duk wannan dukiya tana sauka a can tun hantsi. Wani mai ƙaramar basira da sai ya mayar da ita wuta. Gwanayenmu kuwa, da yake ba su son a canza wa halittar Allah kama, suka tare ta da kwano mai ƙyalli, suka sauke ta a kan ɗalibai a matsayin zafi tsantsa, ba a rage ko ɗigo ba, kuma kyauta.

Makarantu dai Allah ya ba mu. Ga Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, can kan hanyar Zariya wajen Sabon Gida, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta fasaha da ke koyar da mata zalla a cikin gari, ga kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe, ga sakandarori birjik, na kwana da na jeka-ka-dawo. Abin da idona ya gani ba zan faɗi a wace makaranta na gan shi ba, don kada sauran su yi kishi su ce an rage musu haƙƙi. Kowacce ta ɗauki rabonta.

Aikin gwani daga share fili yake farawa. Ranar da aka ba da kwangila, kafin a haƙa tushe, sai a fara da tsofaffin mazauna wurin: tsamiya, ɗorawa, marke, kuka, duk wadda ta shekara saba'in tana tara 'yan zaman banza a gindinta. A kwantar da su, a kai su gidan burodi su yi amfani karo na farko a rayuwarsu. Akwai hangen nesa a ciki. Zamfara na cikin jihohi 11 da aka ce za a ratsa da babbar katangar bishiyoyi don tare hamada, kuma in kowace makaranta ta riƙe bishiyoyinta, wane aiki za a bar wa hukumar? Bayan haka a shimfiɗa siminti da intalok daga ƙofa har ƙofa, domin ƙasa ta daina shan ruwan sama ba izini, domin kuma zafin da aka tara da rana ya samu wurin kwana ya tashi da dare. Sannan a kawo 'yan furanni a tukunya ranar buɗewa, a mayar da su washegari.

Daga nan sai fuskar gini. Kowane tsohon magini ya san dogon ɓangaren ɗaki kudu da arewa yake kallo, don kada ranar safe da ta yamma su shigo ta taga. Gwanayenmu sun wuce wannan camfi. Su gini titi yake kallo, domin titi ne babban baƙo ke bi da jerin motoci. A manna gilashi mai duhu daga sama har ƙasa yana fuskantar yamma, irin wanda aka gani a hoton wani banki na Ingila, inda ake roƙon rana ta leƙo. In zafi ya yi yawa a sa labule. In labule ya kawo duhu a kunna fitila. In fitila da numfashin mutum ɗari biyu sun ƙara zafi a kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki. In babu wuta a tada janareta. Ku dubi yadda kowace matsala ke haifar da 'yarta, kowace 'ya kuma da kwangilarta a hannu. Wannan shi ake kira tsari mai ɗorewa, domin ba ya taɓa ƙarewa.

Abin tausayi su ne kakanninmu, bayin Allah da ba su ga taswira ba. Da tubali da azara da makuba suke gini, bango mai kaurin kamu biyu, 'yar taga can sama, rufin soro da indararo. Ka shiga zaurensu a tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka ji sanyi kamar bakin randa, kuma ba wanda ya ci ko kwabo a kan sanyin nan. Wane irin ci baya ne wannan! Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya wajen shekarun 1830, bai sa waya ko ɗaya a bango ba. Malaman 'Yandoto, nan ƙasar Tsafe, da almajirai ke tahowa wurinsu daga nesa tun kafin jihadi, ƙarƙashin bishiya suke ba da karatu da rana, da dare a hura wutar kara, har suka yi suna ba su taɓa cika takardar neman kuɗin mai ba. Har yau ma akwai masu wannan ciwo. Wani ɗan Burkina Faso, Francis Kéré, ya gina wa ƙauyensu Gando makarantar firamare da bulon ƙasa a 2001, ya ɗaga rufin kwano sama da silin don iska ta riƙa ratsawa, Turawa kuma, da yake ba su da aikin yi, suka ba shi babbar lambar maginan duniya ta Pritzker a 2022. A Dandaji ta Nijar, garin Hausawa 'yan uwanmu, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu a 2018, suka gina sabo da ƙasar wurin. Allah ya shirye su. Mu nan mun san laka ta talaka ce.

Yanzu sai mu gyara zama, mu tuɓe takalma, mun iso fada.

Gaishe ka Janareta, sarkin harabar makaranta, mai ɗaki a bayan ofishin shugaba, mai tari a ji a Kwatarkwashi, baƙin bijimi mai shan jarka bai ce ya ƙoshi ba, angon akanta, surukin ɗan kwangila, uban gidan 'yan bumburutu! Kai kaɗai ne ma'aikacin da ba a taɓa riƙe wa albashi ba. Malami ya yi wata uku yana jiran alawus, ɗakin gwaje-gwaje ya shekara yana jiran kwalba, amma ranar da ka yi atishawa kafin la'asar an kira taron gaggawa. Kana magana farfesa ya yi shiru. Hayaƙinka ya yi wa bangon ɗakin karatu rawani baƙi, kuma duk ɗalibin da ya zauna kusa da tagarka ya koyi darasin gurɓatar iska da huhunsa, ba sai an ba shi takarda ba.

Masu gajeren tunani suna cewa ai rana ta fi ka araha, wai farashin farantin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Sun manta da babban aibin rana, wanda ba ya gyaruwa: rana ba ta da rasit. Ba a auna ta da jarka, ba a kawo ta da tanka cikin dare, ba a cewa an sauke lita dubu biyar alhali ma'auni na ganin uku. Ba ta san kaso ba, ba ta san ihsani ba, ba ta gaida kowa da ambulan. Abu ne da za ka saya sau ɗaya ka yi shekaru ba ka sake sa hannu a takarda ba. Ina zumunci a nan? Man gas kuwa kowane wata sai ya zagayo ya gaida mutane tun daga sito har sama, kamar ɗan halak. Wanda ya ce a rabu da shi, gidaje nawa yake so a rufe?

Kada kuma wani ya ce ba a koyar da makamashin rana a makarantunmu. Ƙarya ne, ni shaida ne. Na taɓa raka wani ƙanena wata makaranta a tsakanin Tsafe da Gusau da Bunguɗu, cikin watan Afrilu, na tarar ana darasin, na tsaya bakin taga. Malamin, mutum mai ƙoƙari, rigarsa ta manne da bayansa, ya zana murabba'i a allo ya ja masa layuka, ya zana rana a gefe da 'yan gashinta kamar yadda yara ke yi, ya ja kibiya daga rana zuwa murabba'i, daga murabba'i zuwa batir, daga batir zuwa ƙwan fitila. Yana yi yana ɗaga murya don Mai Martaba Janareta na jawabi a bayan ginin. Ɗalibai na kwafa da hannu ɗaya, ɗaya hannun na fifita da littafi. Wata yarinya ta ɗaga hannu.

"Malam, don Allah, farantin nan yana da nauyi? Mutum ɗaya zai iya ɗauka?"

Malam ya share gumi, ya dube ta da tausayi. "Wannan ba ya fitowa a jarrabawa. Rubuta ma'anar da na ba ku."

Na koma gida cike da alfahari. Ilimi ke nan mai tsarki, wanda hannu bai taɓa ba balle ya ƙazantu. Farantin allo ba ya fashewa, ba ya ƙura, ɓarawo ba ya kwance shi, kuma da an gama sai a goge a zana injin iska. Ku kwatanta da yaron nan mai rumfar cajin waya a bakin ƙofar makarantar, wanda ko sakandare bai gama ba. Ya jingina faranti biyu a kan rumfa suna kallon kudu, ya haɗa da batirin mota, waya sittin na ci a lokaci ɗaya, yana gane batirin da ya fara mutuwa tun kafin ya mutu, yana goge farantinsa da tsumma kowace safiya. Tambaye shi ma'anar makamashi mai sabuntuwa a jimla ɗaya ka ga ido ya raina fata. A wurinsa ɗaliban darasin ke kai wayoyinsu in an tashi, su biya shi, su wuce suna jin tausayin jahilcinsa.

Juriyarmu ta fi burgewa in aka tuna irin jarabar da ke kewaye da mu. Tun 1982 aka kafa cibiyar binciken makamashi a jami'ar Sakkwato, suna ta ƙera murhun dafa abinci da rana, da akwatin busar da tumatir da tattasai, da murhu mai tsimin itace, da ramin da ke fitar da iskar girki daga kashin shanu. Muna jiha ɗaya da su har zuwa 1 ga Oktoban 1996, shekara 14 cur muna shan ruwa a kwarya ɗaya, muka fito cutar ba ta kama mu ba. Har gobe motar itace ke shiga kicin ɗin makarantar kwana, masai na ɗalibai ɗari biyar kuma na can baya yana sakin arzikinsa a iska don amfanin maƙwabta. Ƙetaren iyaka kuma ga Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, masanin kimiyya da ya karanto a Faransa, maimakon ya nemi kujera mai sanyi sai ya kama ofishin makamashin rana na Yamai tun 1969 yana ƙera tukwanen dumama ruwa da madubai. Da ya rasu a 1991 abin da ya samu kawai shi ne aka sa wa jami'ar Yamai sunansa. Kano ma ta zame: a Satumban 2019 Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya buɗe tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, har da wurin koya wa ɗalibai aikin da hannunsu, kamar 'yan koyon walda.

Alhamdu lillahi akwai kuma abin koyi. Injinan iska 37 na Lambar Rimi a Katsina, masu megawat 10, da aka faro maganarsu tun 2005 zamanin gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, sun yi fiye da shekara goma suna koya wa matafiya haƙuri. Namu na gida ya fi: madatsar Bakolori da aka gama a 1978, an tanadar mata injinan ba da wuta na megawat 3, kuma sun daɗe suna hutun da ya cancanci dattawa. Ɗalibin da aka kai yawon buɗe ido can zai koyi abin da babu shi a littafi, wato yadda ruwa ke wucewa ta gefen inji cikin ladabi ba ya tashe shi.

Ba a ce gwanayenmu ba sa sayen sola ba sam. Suna saya, amma irin ta manya. Fitilun kan titi, dogaye, farare, a jera su daga babbar ƙofa zuwa ofishin shugaba, daidai tsawon tafiyar kyamara. A zo da almakashi da makaɗa, a yanka ƙyalle, a yi addu'a. Hanyar ɗakin kwanan ɗalibai kuwa a bar ta da duhunta, don tarbiyya, kuma ai an san ɓarayin zamani mutane ne masu kunya, ta babbar ƙofa suke sallama. Hunturu na zuwa buji ya shafa wa kowane faranti hoda, ya yi fari fat kamar amaryar ƙauye. Tsumma da bokitin ruwa sun isa su gyara shi, amma wa ya taɓa jin an ƙaddamar da tsumma? Wane babban baƙo ne zai baro Abuja don ya buɗe bokiti? Batura kuma, tun da masana sun ce duk ƙarin zafi na kimanin digiri 10 yana raba kwanan batirin dalma biyu, sai a gina musu ɗan ɗakin kwano ba taga a tsakiyar fili, don kada su daɗe suna wahala a duniya. Waɗanda suka tsira, wasu bayin Allah kan zo da tsani cikin dare su ɗauke su riƙo. Bayan shekara biyu turakun na nan tsaye, tantabaru sun samu masauki, 'yan siyasa sun samu wurin manna fosta, sabuwar kwangila kuma ta nuna.

An jarraba imaninmu ba sau ɗaya ba. A Satumban 2021, da aka rufe layukan waya a Zamfara aka hana sayar da fetur a jarka saboda 'yan bindiga, ƙananan injina sun yi azumin dole. A 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur. A Afrilun 2024 kuɗin wuta na rukunin farko ya tashi zuwa naira 225 kowane yunit, ninki uku da ɗoriya, jami'o'in ƙasar nan suka yi ta kuka. A Oktoban shekarar aka lalata layin Shiroro zuwa Mando, ɗayan layin da ya rage shi ma ya faɗi, Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu. Duk tsawon kwanakin nan rana na tsaye a kan rufinmu tun safe har magariba, tana talla kamar mai fura, ba wanda ya ɗaga kai ya taya. Raunanan mutane, masu shagon sanyi da masu kemis da matan aure masu firji, su suka karaya suka sayi faranti. Gwanayenmu suka kafa kwamiti. Kwamiti ya shirya bita ta kwana uku kan makomar makamashi mai tsabta, a otal, ɗaki a rufe, labule a sake, sanyi har sai da wasu suka nemi bargo, Mai Martaba na ruri a bayan kicin. Aka raba jaka da biro da alawus, aka amince baki ɗaya cewa akwai buƙatar wayar da kan jama'a.

Shi ya sa gabana ya faɗi da na ji Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Nuwamban 2023, aka shiga gyaran makarantu. Ina roƙon masu riƙe da taswira, don girman Allah, kada gaggawa ta sa a ɓata gado. Kada wani sabon injiniya mai rawar kai ya juya taga ta kalli arewa. Kada a bar wata darbejiya ta girma kusa da aji har yara su saba da inuwa. In ya zama dole a ɗora faranti, a ɗora shi inda hannun ɗalibi ba zai kai ba, a kulle ɗakin batir, a ba wa wanda ke shirin ritaya mabuɗin. Ina kuma ba da shawara, a bikin yaye ɗalibai na gaba, a yi wa Janareta digirin girmamawa, a naɗa masa alkyabba, tun da babu farfesan da ya kai shi yawan sa'o'in magana a harabar makaranta.

Ranar da na koma ɗauko ƙanen nan nawa, na tarar Mai Martaba ya yi shiru, wai tankar mai ta maƙale a Funtuwa. Ofisoshi duk an fito waje ana fifita da fayil. Baba maigadi na zaune a ƙofa kan buzunsa, ya jingina wani ɗan faranti da bai fi faifai ba a kan bulo, rediyonsa na ba da labarai, tocilarsa na caji. Sai ga wani babban jami'i ya taho, babbar riga har ƙasa, shi ne ma aka ce ya wakilci makarantar a bitar otal. Ya tsaya, ya dubi farantin, ya girgiza kai don takaicin yadda talaka ke ɓata kuɗinsa a kayan wasa. Sannan ya laluba aljihu.

"Baba, taimaka ka sa mini wayar nan ta ɗan ɗauka. Ina jiran kiran mai kawo gas ne."

"To, ranka ya daɗe," in ji Baba. Ya cire tocilarsa, ya sa wayar, ya goge farantin da gefen rigarsa, ya ɗan juya shi ya bi rana.